Kujeru 64 cikin 99: yadda 'yan majalisar jihar Kaduna suka tsige gwamna a 1981

A watan Yuli na 1979, Asabar huɗu a jere mutanen jihar Kaduna suna fita rumfunan zaɓe. Ranar 7 ga wata aka zaɓi sanatoci, ranar 14 'yan Majalisar Wakilai, ranar 21 'yan Majalisar Dokokin jiha, ranar 28 kuma gwamna. Na shugaban ƙasa sai da aka kai 11 ga Agusta. Yau in dattawa suka tayar da hirar wancan zamani a Tudun Wada ko Unguwar Shanu, zancen ranar 28 suke yi, ranar da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Amma gwamnatin da aka haifa a ranar, tun mako guda kafin nan aka riga aka yanke tsawon kwananta. Ƙuri'ar 21 ga Yuli ce ta yanke shi.

Kadunar lokacin ta fi ta yau faɗi nesa ba kusa ba. Katsina da Daura duk suna ciki, domin sai a 1987 aka yanke jihar Katsina. Ƙananan hukumomi 14 ne kacal, tun daga Daura da Mani a arewa, a biyo ta Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa, a ratsa Zariya da Ikara da Saminaka, har Kachiya da Jama'a a kudu. Tsarin mulkin 1979 ya tanadi cewa a ninka kujerun da jiha take da su a Majalisar Wakilai sau uku, abin da ya fito shi ne yawan kujerun majalisar jiharta. Kaduna tana da 33 a Legas, babban birnin tarayya na lokacin, saboda haka ta samu 99 a zauren Lugard Hall. Da hukumar zaɓe ta FEDECO ta gama ƙirga, NPN ta tashi da 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN kuma 3.

Duk mai son fahimtar abin da ya biyo baya sai ya riƙe lissafi guda: kashi biyu bisa uku na 99 shi ne 66. Kujeru 64 sun ishi NPN ta naɗa shugaban majalisa, ta kama kowane kwamiti, ta ƙi amincewa da duk wanda gwamna ya aiko, ta kuma sassaƙe kasafin kuɗi yadda take so. Abu biyu ne suka gagare ta ita kaɗai: ta zartar da doka bayan gwamna ya ƙi sa hannu, da kuma ta tsige shi. Kowanne yana buƙatar mutum 66. Mutum biyu ne tsakaninta da nan.

Ta yaya jama'a ɗaya, cikin kwana bakwai, za su ba wata jam'iyya majalisa su ba wata gwamna? Ba ruɗewa suka yi ba. Zaɓen ɗan majalisar jiha zaɓe ne na gida. Mazaɓar ƙarama ce, an san ɗan takara, an san ubansa, an san a gidan wane hakimi yake gaisuwa. A wannan fage NPN ba ta da na biyu, domin ita ta gaji tsohuwar hanyar NPC ta zamanin Sardauna, wadda ta bi ta kan hakimai da dagatai da attajirai da tsofaffin ma'aikatan En'e. PRP kuwa 'yar NEPU ce, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, ƙarfinta yana wurin talakawa da ƙananan 'yan kasuwa da malaman makaranta da 'yan boko na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ba a kowane ƙauye take da wanda zai iya tsayawa gaban ɗan sarauta ba. Ga shi kuma a kowace mazaɓa ƙuri'ar masu ƙin NPN ta kasu gida huɗu, wanda ya fi yawa kuma shi ne ya ci ko da bai kai rabi ba. Mako guda kafin nan, a zaɓen Majalisar Wakilai, PRP ta ci kujeru 10 cikin 33, a na dattawa kuma 2 cikin 5, wato kusan kashi ɗaya bisa uku ko fiye. Da aka sauko zaɓen da ya fi kusa da ƙofar gida sai ta koma 16 cikin 99, abin da bai kai kashi ɗaya bisa biyar ba.

Zaɓen gwamna kuwa jiha ce duka mazaɓa ɗaya. Magoya bayan sauran jam'iyyu, da suka ga sakamakon makonni ukun farko, sai da yawansu suka karkata ga mutumin da suke ganin zai iya tare NPN, aka kuma samu ƙuri'u masu yawa daga kudancin jihar. Da ƙaramar rata Balarabe Musa ya haye. Mutumin Ƙaya ne a ƙasar Zazzau, akanta, wanda ya shiga NEPU tun yana saurayi, ya kuma yi aiki a gidan rediyo da talabijin na Arewa da ke Kaduna. Ranar 1 ga Oktoba, 1979 aka rantsar da shi. Majalisa kuma ta zaɓi Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ɗan NPN daga ƙasar Katsina, ya zama shugabanta.

Tun a kwanakin farko sabon gwamna ya nuna inda ya dosa. Ya sanar da soke haraji da jangali, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Kano. Matasan yau da ba su ga zamanin ba za su ɗauka maganar 'yan kuɗi kaɗan ce da magidanci yake biya a shekara. Ta wuce nan. Mai unguwa ne yake rubuta sunaye, dagaci ya tattara, hakimi ya kai gaba. Wanda ya kasa biya ya san abin da zai same shi: a ɗaure shi, ko a sayar da akuyarsa, ko ya gudu cin rani ba shiri. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu yadda aka ga dama. Ta wannan hanya ce sarauta take riƙe da wuyan talaka, kuma ta nan ne ake nuna wa mutum jam'iyyar da zai zaɓa. Wanda ya soke haraji ya taɓa tushen da yawancin 'yan majalisar NPN suka tsaya a kai suka ci zaɓe. Sun gane haka sarai, shi ma ya san sun gane.

Sai aka zo kan kwamishinoni, inda rigimar ta yi kwana. Tsarin mulki ya ba gwamna ikon zaɓen mutanensa, amma ba su zama kwamishinoni sai majalisa ta amince. Gwamna ya aika da sunaye, babu ɗan NPN ko ɗaya a ciki. Majalisa ta yi fatali da su. Ya sake aikawa, ta sake mayar masa. Sau huɗu ana haka. Har ranar da ya bar gidan gwamnati, kusan wata 21 bayan rantsuwa, jihar Kaduna ba ta da kwamishina ko guda. Ma'aikatar ilmi, ta lafiya, ta gona, ta ayyuka, duk manyan sakatarori ne suke riƙe da su, suna kai wa gwamna takardu kai tsaye.

Ya kamata a saurari kowane ɓangare da kunnen adalci, domin kowanne yana da abin faɗa.

'Yan NPN suna cewa su ma jama'a ce ta zaɓe su, kuma da rinjayen da ya fi na gwamna ƙarfi. Mutumin da ya ci da 'yar rata, jam'iyyarsa ba ta da ko kashi ɗaya bisa biyar na majalisa, bai kamata ya yi mulki kamar shi kaɗai aka zaɓa ba. Suna kuma da misali a hannu. A tarayya, NPN ɗin ba ta samu rinjaye ba: kujeru 168 cikin 449 a Majalisar Wakilai, 36 cikin 95 a ta Dattawa. Shugaba Shehu Shagari bai tsaya taurin kai ba, ya ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba ta ministoci, aka kuma bar mata shugabancin Majalisar Wakilai, inda Edwin Ume-Ezeoke ya hau. To in a Legas an raba, me zai hana a raba a Kaduna?

Gwamna da mutanensa, irin su Dokta Yusufu Bala Usman, suna cewa wannan tsarin shugaba mai cikakken iko ne, ba irin na Ingila da aka yi a jamhuriya ta farko ba, inda mai rinjaye a majalisa shi yake kafa gwamnati. Aikin majalisa ta duba ko wanda aka kawo ya cancanta, ba ta tambayi katin jam'iyyarsa ba. An zaɓe su ne a kan alkawarin sauya tsarin da NPN ta tsaya karewa, kuma in ka ɗauko wanda ya rantse zai hana aikin ka damƙa masa ma'aikata, ka ci amanar wanda ya jefa maka ƙuri'a.

A ganina, ta fuskar doka gwamna ne yake kan gaskiya, kuma nauyin laifin ya fi karkata ga majalisa. Ikon tantancewa an ba ta shi ne don ta tace bara-gurbi. Da ta ce wane ba shi da ilmin aikin, wane yana da tabon cin amana, a canza su, da ta yi aikinta. Amma a mayar da jerin sunaye gaba ɗaya har sau huɗu, wannan ya nuna ba mutanen ake dubawa ba. An mai da ikon tantancewa abin ciniki. Duk da haka ba zan ce gwamna ya fita fes ba. Wanda ya san mutum biyu ne tsakaninsa da tsigewa, babban aikinsa na siyasa shi ne ya riƙe mutum 35 ɗin nan da ba 'yan NPN ba kamar ƙwai a hannu, ya kuma nemi ko da 'yan kaɗan daga cikin 64 ɗin da za a iya zama da su. Balarabe Musa mutum ne mai gaskiya da tsantseni, ko abokan hamayyarsa ba su cika musun wannan ba, amma bai ɗauki lallashi a matsayin aikin gwamna ba. Yana ganin duk wani sassauci sayar da aƙida ne. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP yana ta wa'azin siyasa ba da gaba ba a wancan lokaci, amma a Kaduna gaba ce ta yi kaka-gida tun ranar farko.

Wanda ya ji jiki shi ne mutumin da ba ya zauren. Majalisar zartarwa ba ado ba ce. A nan ake zama a yi gardama a kan wace hanya za a fara, wane asibiti za a gyara, yaya za a raba taki kafin damina. Kwamishina kuma shi ne ƙofar da mutumin Kankiya ko na Zonkwa yake bi ya kai kukansa, domin ɗan siyasa ne, dole ya saurare shi. Babban sakatare ma'aikaci ne, umarni yake jira. Ga kasafin kuɗi kuma, kowace shekara sai an yi ta ja-in-ja a kansa, gwamna ya kawo nasa, majalisa ta datse abin da ta datse, a koma ana musayar zargi a rediyo da jaridu, wani lokaci har gaban alƙali. Gwamna yana son kafa masana'antu a ƙananan hukumomi, yana son a binciki yadda aka ƙwace wa manoma gonaki, majalisa kuma tana kallon kowane mataki a matsayin shirin rusa ta.

Ana cikin haka sai gidan gwamna kansa ya kama da wuta. PRP ta dare biyu. Gwamnoninta biyu, na Kano da na Kaduna, suna halartar taron gwamnoni tara na jam'iyyun adawa, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Uwar jam'iyya ƙarƙashin Malam Aminu Kano ta hana su, suka ƙi bari. Daga nan aka samu 'yan santsi, ɓangaren gwamnonin da suka ɗauki tsohon ɗan gwagwarmayar ƙwadago Michael Imoudu a matsayin jagora, da 'yan taɓo da suka tsaya tare da Malam. FEDECO ta ce ɓangaren Malam ta sani. A Kano wannan rabuwa ba ta kai ga kujerar Rimi ba, saboda PRP ce take da kusan dukkan majalisar. A Kaduna kuwa, inda kowane mutum ɗaya yake da nauyin gaske, gwamna ya wayi gari ba shi da cikakkiyar jam'iyya a bayansa. GNPP ma tana fama da nata rikicin cikin gida. Katangar mutum 35 ta fara tsagewa, kuma dama masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A watan Mayu na 1981 aka fara bin matakan sashe na 170 na tsarin mulki. Yana da kyau a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a cikinsu ne raunin yake. Da farko kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa za su sa hannu a takardar zargin cewa gwamna ya aikata babban laifi, su miƙa wa shugaban majalisa, shi kuma ya aika wa gwamna kwafi cikin kwana 7. Cikin kwana 14 majalisa za ta kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, a kan ko a bincika. Nan ake buƙatar kashi biyu bisa uku. In an samu, sai a kafa kwamitin mutum bakwai waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan wata jam'iyya ba, su yi bincike su kawo rahoto cikin wata uku. In sun ce zargin bai tabbata ba, magana ta mutu. In sun ce ya tabbata, majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a, kashi biyu bisa uku suka amince, daga wannan lokaci gwamna ya sauka.

A takarda abin ya yi kama da shari'a mai tsari. Amma a duba wurare uku. Wa yake zaɓen mutum bakwai ɗin? Shugaban majalisa, da amincewar majalisa. Wato masu ƙara su ne suke ɗauko alƙalai. Mene ne babban laifi? Sashen ya ce keta tsarin mulki mai tsanani, ko kuma duk wani hali da majalisa take ganin ya kai babban laifi. Wato ma'aunin ma yana hannunsu. Sannan ƙaramin sashe na 10 ya rufe ƙofa: babu kotun da za ta saurari wata ƙara a kan abin da kwamitin ko majalisa suka yi a wannan batu. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin sun dogara ne da abu ɗaya, cewa tara kashi biyu bisa uku zai yi wuya in ba laifin ya fito fili ba. Ba su yi tanadin jihar da jam'iyyar adawa za ta shigo zaure da 64 cikin 99 tun ranar farko ba.

Zarge-zargen da aka jera sun shafi wuce gona da iri a amfani da iko, da saɓa wa dokokin jiha wajen naɗe-naɗe da sarrafa kuɗin gwamnati. Akwai abin lura a nan. Gwamnan da aka hana kwamishinoni, dole ya riƙa yin wasu abubuwa shi kaɗai waɗanda da majalisar zartarwa ce za ta yi su. Majalisar da ta hana shi abokan shawara, ita ce kuma ta dawo tana tuhumarsa da yin gaban kansa. Ba ina cewa duk abin da ya yi daidai ne ba. Gwamnan da yake ganin majalisa maƙiyiya ce yakan nemi hanyar zagaye ta, kuma zagaye majalisa a kan kuɗin jama'a ba ƙaramin abu ba ne ko wa ya yi shi. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa ranar 11 ga Nuwamba, 2020, ba a san Balarabe Musa da tara dukiya ba. Gidansa na Kaduna da gonarsa kowa ya san su.

Ya garzaya kotu yana neman a dakatar da kwamitin. Babbar Kotun jiha ta ce hannunta a ɗaure yake, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tsaya a kan haka, saboda wancan ƙaramin sashe na 10. Kwamiti ya kawo rahotonsa. Ranar 23 ga Yuni, 1981 majalisa ta zauna, ta bayyana cewa adadin da ake buƙata ya cika, ta amince da rahoton. Balarabe Musa ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya.

Me NPN ta samu? Kujerar ba ta dawo hannunta ba. Tsarin mulki ya ce mataimaki ne zai hau, saboda haka Alhaji Abba Musa Rimi, shi ma ɗan PRP, aka rantsar a farkon watan Yuli, kuma majalisar nan ta zauna da shi har ƙarshen wa'adi ba ta tsige shi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba jam'iyyar ce ba za a iya zama da ita ba. Mutum ɗaya ne aka ƙudurta sai an kawar, shi ma kuma bai bar ƙofar sulhu a buɗe ba. Arewa ta ɗauki zafi a waɗannan makonni. Ranar 10 ga Yuli aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A watan ne kuma yarjejeniyar NPN da NPP ta wargaje a Legas.

A zaɓen 1983 Lawal Kaita ya samu abin da ya kuɓuce masa shekara huɗu da suka wuce. Shugaban majalisa Ɗanmusa ya wuce Majalisar Dattawa. Wata uku kacal suka yi. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da gwamnati, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka rufe Lugard Hall da duk sauran majalisun ƙasar.

In ana maganar tarihin ɗan majalisa a wurinmu, abin da ake lissafawa shi ne sau nawa ya ci zaɓe, da ƙuri'a nawa, a wace jam'iyya, wane kwamiti ya riƙe, rijiya nawa ya haƙa. Ɗan majalisar Kaduna na 1979 yana da wani tarihin da ya fi wannan nauyi, wato ƙuri'un da shi ya kaɗa bayan an kaɗa masa. Sau huɗu an tambaye shi ko jiharsa ta samu kwamishinoni. Sau biyu an tambaye shi ko a rushe zaɓin da jama'ar jiha suka yi ranar 28 ga Yuli. Mutumin da ƙauyuka kaɗan suka tura, wataƙila don ɗan gidan mutunci ne ko don yana zuwa jana'iza da suna, shi ne ya wayi gari yana riƙe da makomar ƙuri'un jiha guda. Ban yi zaton manomin da ya dangwala wa gida da masara, tambarin NPN, ranar 21, ya dawo ya dangwala wa mabuɗi, tambarin PRP, ranar 28, ya yi nufin hannunsa na farko ya shafe na biyu ba. Ya zaɓi wakilin da ya sani, ya kuma zaɓi gwamnan da ya yi masa alkawarin sauke masa haraji. Ba wanda ya koma ya tambaye shi.

Darasin Kaduna ya shiga tsarin mulkin 1999. A sashe na 188 an cire zaɓen kwamitin bincike daga hannun shugaban majalisa, aka ba Babban Jojin jiha. Kotuna ma sun sauya matsayi. Da aka yi guguwar tsige gwamnoni a 2005 da 2006, a Bayelsa da Oyo da Ekiti da Anambra da Filato, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Rashidi Ladoja na Oyo cewa sashen da ya hana kotu shiga ba ya aiki sai in majalisa ta bi kowane mataki yadda aka shimfiɗa shi. 'Yan majalisa 18 cikin 32 ne suka zauna a wani otal a Ibadan suka ce sun fara shirin tsige shi, kotu ta ce wannan ba zaman majalisa ba ne, ta mayar da shi kujerarsa. Peter Obi na Anambra da Joshua Dariye na Filato su ma kotu ce ta dawo da su. Wannan ƙofa ba a buɗe wa Balarabe Musa ita ba.

Yau majalisar Kaduna kujeru 34 ce, kashi biyu bisa uku kuma mutum 23. Zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha rana ɗaya ake yin su, kamar yadda aka yi ranar 18 ga Maris, 2023, kuma mafi yawan masu zaɓe tambari ɗaya suke bi a takardun biyu. Tun daga 1999 ba a sake samun gwamnan Kaduna da ya fuskanci irin zauren da Balarabe ya tarar ba. Sai dai cutar ta juya ta ɗaya gefen, kuma ba a Kaduna kaɗai ba. Majalisun jihohi sun zama 'yan amshi har ta kai a 2010, da aka kawo gyaran tsarin mulki da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu ba sai sun roƙi gwamna ba, ba a samu jihohi 24 da ake buƙata sun amince ba. Sai a 2018 gyaran ya samu shiga. Jerin kwamishinoni yanzu sau da yawa a zama ɗaya ake wucewa da shi, a ce wa mutum ya rusuna ya tafi.

Tsigewa kuwa ta koma cikin zauren, tsakanin 'yan majalisa da junansu. A Fabrairun 2020 Aminu Abdullahi Shagali ya ajiye shugabancin majalisa, Yusuf Ibrahim Zailani ya hau, a watan Yuni kuma aka tsige mataimakin shugaba Mukhtar Isa Hazo, har aka ba hamata iska a zauren. A 2024 majalisa ta kafa kwamitin binciken basussuka da kwangilolin gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i, ta amince da rahoton a watan Yuni, shi kuma ya musanta zarge-zargen ya tafi kotu. Gaskiyar wannan batu aikin masu shari'a ne. Abin da ya dame ni shi ne lokacin: tambayoyin da ya kamata a yi sa'ad da ake kawo takardun neman rance da kasafin kuɗi gaban majalisa, sai bayan shekara guda da saukar gwamnan aka ji su, alhali wasu daga cikin masu tambayar suna zaune a zauren tun wancan lokaci.